Dubu 500 gare ni, in ɗauki mai K in yi obakulok ko in haƙura?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema kafin in yi aika-aika da kuɗina. Wata bakwai ina tari, na sayar da PS4 ɗina na haɗa da kwasar adashi, yanzu dubu 500 ke hannuna cif kuma kwamfutar gem nake so in haɗa. Monita ina da ita 1080p mai 60Hz, kibod da maus akwai, akwatin ma yayana ya bar min wani tsoho. Abin da nake bugawa eFootball ne da FC da GTA V, sai Warzone ranar da data ta yarda. To wani a Kano ya turo min hoton firosesa i7-4790K da bod Z97, wato allon da ake ɗora sauran kayan a kai, da ram 16GB, ya ce wai mai K ɗin nan ba a kulle gudunta ba, in na yi mata obakulok, wato na tura gudunta sama da yadda kamfani ya saita, za ta kamo na yanzu ba tare da na ƙara ko sisi ba, wani abokina kuma ya ce a'a in nemi firosesa Ryzen 5 3600 da bod B450. Ni dai gaskiya i7 ɗin nan ta shiga raina. Me kuka gani?

Mai Gidan Gem: Wa alaikumus salam. Sunan i7 ɗin nan shi ka cinye kuɗɗin yaran garin ga. Ka tambaye shi shekarunta nawa?

Ɗan Tudun Wada: Ya ce Landan yus ce, kamar sabuwa

Mai Gidan Gem: Ban ce daga ina tat taho ba, cewa nay yi yaushe anka haife ta 😂

Injiniya Samaru: Ƙanena 4790K a 2014 ta fito. A zamaninta sarauniya ce, ban musa ba, amma koa 4 gare ta, wato ƙwaƙwalen aiki da ke cikinta, da zare 8, wato ayyukan da take ɗauka a lokaci guda, ram ɗinta DDR3, kuma soket ɗin LGA1150 da take zama a kai tuni aka daina yi masa sabbin firosesa, ma'ana ranar da ta yi maka kaɗan babu abin kirki da za ka ɗora a bod ɗin, sai dai ka zubar da bod da ram da firosesa gaba ɗaya ka sake sabon lale. Sannan Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel ta fara karɓa, wannan ƙarni na 4 ce, ga shi Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 ce ƙarshen tallafinta. Ita kuwa 3600 ta 2019 ce, koa 6 zare 12, tana hawa har 4.2GHz da kanta, kuma soket ɗinta AM4 ne, gobe in Allah Ya hore ka sabunta BIOS, wato manhajar saitin bod, ka cire ta ka sa 5600 a bod ɗin nan dai, ram ɗinka na nan. Maganar obakulok kuma, 4790K da kanta tana kai 4.4. In ka yi sa'a ka samu mai kyau ka kai ta 4.7, lissafa ka gani, ƙarin bai cika kashi 7 cikin 100 ba. Kashi 7 ba zai haifo maka koa biyu ba.

Sarkin Saiti: Injiniya kullum kai dai kashe wa yara gwiwa. Obakulok fa ba haramun ba ne. Ni i5-2500K ɗina daga 3.3 na kai ta 4.5 kuma shekara nawa tana aiki ba ta taɓa yin tari ba, yaro ya ce yana son ya koyi abu ku bar shi ya taɓa BIOS mana, a haka muka koya dukkanmu

Injiniya Samaru: Ranka ya daɗe 2500K ta 2011 ce. Lokacin Intel na barin fili mai yawa a sama, ka shiga ka kwasa. Na yanzu kamfanin ya riga ka kwashewa tun daga masana'anta, firosesa da kanta take duba zafinta da wutar da take samu ta hau iyakar da za ta iya. Wanda ya kulle 3600 a 4.2 duka koa shida a gem wani lokaci ko bambanci ba zai gani ba sai a takardar kuɗin wuta.

Kawu Na Ƙaura: Ku yara ba ku ga obakulok ba. Mu munka gane shi. Celeron 300A, ta 1998, lokacin ina aiki wani shagon buga takardu, ana canza bas daga 66 zuwa 100 sai 300MHz ta koma 450, rabin gudunta kyauta anka ƙara maka, ka sayi ta talaka ka samu gudun ta mai kuɗɗi. Wannan shi na obakulok. Abin da kuka yi yanzu wahalar da fanka ne kawai. Ɗana ka ji maganar Injiniya.

Sarkin Saiti: Kawu ai ka goyi bayana ba ka sani ba 😄

Kawu Na Ƙaura: Ban goye ka ba. Nic ce da, ban ce yanzu ba.

Ɗan Tudun Wada: To amma na ga wani Bature a YouTube ya yi wa tasa kuma zafinta 75 kawai yake nunawa yana buga gem lafiya lau

Injiniya Samaru: Yawwa, nan nake jiranka. Baturen nan a ɗaki mai digiri 21 ko 22 yake zaune. Kai ɗakinka a Tudun Wada a watan Afrilu da azahar, rufin kwano, ba silin kirki, nawa yake? Mu ce 40. Fanka da ƙarfen sanyaya ba ƙanƙara suke yi ba, iskar ɗakin suke ɗauka su hura, don haka duk digirin da ɗakinka ya fi nasa sai ya hau kan firosesa kusan ɗaya bayan ɗaya. 75 ɗinsa a wurinka 93 ne. Kuma obakulok ba gudu kaɗai ake ƙarawa ba, dole ka ƙara boltej don ta tsaya da ƙafarta, shi kuma zafi ba a miƙe yake bin boltej ba, boltej sau boltej yake bi. Daga 1.2 ka kai 1.35, wannan kaɗai ya ƙara zafi sama da kashi 25 cikin 100, ka haɗa da ƙarin gudun ya zama wajen kashi ɗaya cikin uku. Ka ba da kashi 33 na zafi ka karɓi kashi 7 na gudu, a Gusau, a bazara. In ta ji wuta kuma da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga gem na tafiya lafiya minti 20 daga nan ya fara tsalle-tsalle, ka koma ƙasa da inda ka fara.

Mai Gidan Gem: Ga kuma monitarka 60Hz ce. Ko firam 200, wato hoto 200 a daƙiƙa, injin ya fitar 60 za ka gani da idonka. Kamar ka sayi doki mai gudu ka ɗaure shi turke.

'Yar Mafara: Sannunku yayye. Ni dai abin da ban ji an taɓo ba shi ne ram, kuma a nan ne obakulok ɗin da yake da amfani yake. Ɗan Tudun Wada in za ka sayi 16GB kada ka yarda a ba ka sanda ɗaya, ka ce 8 biyu kake so iri ɗaya, saboda sanda biyu hanya biyu ce, ɗaya kuwa duk kaya ta ƙofa ɗaya suke bi. Ka sa su a rami na 2 da na 4 in ka ƙirgo daga wajen firosesa. Sannan ram ɗin da aka rubuta wa 3200 in ka kunna haka nan yawanci a 2133 ko 2400 za ta tashi, sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke kai ram gudun da aka rubuta mata, a bod ɗin Asus na AMD DOCP suke ce masa. Ryzen tana son ram mai gudu sosai don hanyar da sassan cikinta ke magana da juna da agogon ram take tafiya. Na ga wani ɗan ajinmu shekara guda yana amfani da tasa a 2133 yana zagin kwamfuta, ranar da muka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan inji, muka nuna masa kamar ya yi kuka

Sarkin Saiti: Kun ji ko. XMP ɗin ma obakulok ne, ashe dai kuna yi kuna ɓoyewa

Injiniya Samaru: Wannan danna maɓalli ɗaya ne kuma masu ram ɗin sun gwada shi kafin su rubuta a kwali. Ba irin naka na kwana uku kana kashewa kana kunnawa ba. Malama ta yi gaskiya, Allah Ya ƙara basira.

Ɗan Tudun Wada: To na ji, na bar i7. Yanzu girafik kad fa, katin da ke fitar da hoto? Wannan mutumin dai ya ce yana da RX 580 8GB da araha sosai

Mai Gidan Gem: Nan ne kuɗɗinka ya kamata su tahi, kusan rabi in da hali. Gem kati shi ka ɗauka ba firosesa ba, musamman irin GTA in ka ɗaga saiti. Amma 580 ɗin nan ka yi hankali, ka san mi ya sa sunka cika kasuwa?

Bakaniken Waya: Masu haƙar kirifto ne. Tun da Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumba 2022 aka kwance dubbai aka wanke aka zuba kwali aka turo mana. Ba duka ne marasa kyau ba fa, wasu masu haƙar ma rage musu wuta suke yi don ribarsu, amma fanka ta yi shekaru tana juyawa dare da rana, man da ke kan cif ɗin ya bushe ya zama kamar alli, wasu kuma an canza musu BIOS na haƙa sai ka sa diraiba ya ƙi karɓa. Kwanaki an kawo min ɗaya shago na buɗe, wallahi ƙurar da ke tsakanin ƙarafan ta dunƙule kamar audugar katifa, robar da ke kan memori ta narke tana maiƙo. Na share na sa sabon tamal fes, wato man nan na kan cif, zafinta ya sauko daga 88 zuwa 70 da wani abu. Sannan akwai wadda ake rubuta wa 2048SP, sunanta 580 amma ta asali koa 2304 gare ta, 2048 kuwa adadin na RX 570 ne. Ka ce ya buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ya yi maka bidiyo ba hoto ba, ka ga lambar da idonka.

'Yar Mafara: Haka ma 1050 Ti na bogi. In ka ga 1050 Ti da ramin VGA mai shuɗi a bayanta ka gudu, ƙarnin nan na Nvidia ba su da VGA, tsohuwar GTS 450 ce aka canza wa suna a ciki

Ɗan Tudun Wada: Innalillahi. Wato ko'ina da tarko

Kawu Na Ƙaura: Kasuwa kenan ɗana. Wanda bai iya taya ba shi ka biyan kuɗɗin makaranta.

Injiniya Samaru: Ni da za ka ji tawa, in kuɗin za su kai ka nemi GTX 1660 Super ko RX 6600 ta hannu. Ba don gudu kaɗai ba, don wuta. 580 wat 185 take ci, 1660 Super 125, 6600 kuma 132 ga ta ta fi su duka gudu nesa ba kusa ba kuma 8GB ce. Wat 50 ko 60 ɗin nan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ba komai ba ne, amma kai da za ka ɗora a ƙaramin janareta ko inbata kowane wat kuɗin fetur ne ko awa guda na batir, kuma zafi ne da zai zauna tare da kai a ɗaki. Abin da ban yarda ka saya ba shi ne RX 6500 XT, 4GB ce kuma layi huɗu kacal take amfani da shi, a B450 mai ramin kati PCIe 3.0 shaƙe ta ake yi.

Ɗan Jega: Ni fa ban gane wahalar nan ba. Ka sayar da PS4 don ka zo kana lissafin wat? Da ka riƙe abinka ka sa a soket ka buga ƙwallonka

Ɗan Tudun Wada: Oga ina son in koyi editin ɗin bidiyo ma, ana samun na cefane da shi wajen bukukuwa, PS4 ba za ta yi min wannan ba

Ɗan Jega: To ka ce sana'a za ka buɗe, sai ka zo mana da GTA

Mai Gidan Gem: Ku bar wannan, ga babbar magana. Fawa sufulai, mai raba ma kayan cikin inji wuta. Ɗan Tudun Wada na rantse akwatin da yayanka ya bar maka akwai wata fawa a ciki kuma niyyarka ka yi amfani da ita, ƙarya nika yi?

Ɗan Tudun Wada: 😅 akwai, an rubuta 650W a jiki

Mai Gidan Gem: Ɗauke ta ka auna da hannu. In ka ji ta sakayau kamar gwangwanin madara to 650 ɗin nan a takarda ya tsaya. Ni abin ya ci ni shi ya sa nika faɗa. Shekara biyu da sunka wuce na haɗa inji biyu na shago, na kashe kuɗɗi ga kati na ce fawa ai fawa ce, na sayi marar suna wurin wani mai kaya da ba zan kira sunanshi ba, ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci shago cike da yara ana gasar ƙwallo anka maido wuta da ƙarfi, sai ji munka yi fat, sai warin roba, yara sunka watse waje har da mai barin takalmi. Fawar ta tahi ta ja bod ta ja hadis ɗin ajiyar bayanai, katin kaɗai Allah Ya tsare. Abin da na yi tattali bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na yi asara ba, ga sati biyu inji na kwance ba ciniki. Tun ranar ko kyauta anka ba ni fawar da ban san ta ba sai dai in cire fankar in jefar da sauran.

Bakaniken Waya: Allah Ya mayar da alheri oga. Abin da za ka duba a jikin takardar shi ne layin 12V, amfiya nawa aka rubuta, ka ninka da 12, wannan ne ƙarfin gaskiya don kati da firosesa daga nan suke sha. Za ka ga wata an rubuta 650W amma 12V ɗinta amfiya 20 ne, wato 240 kenan. Injinka da 3600 da 580 in suna aiki sosai sun haura 300. Ka nemi 550W ta kamfanin da aka sani mai 80 Plus Bronze, duk da shi ma tambarin nan ƙarancin asarar wuta yake nunawa ba ingancin kayan ciki ba, kuma ana buga na bogi. Kuma ta zo da wayar kati mai fil 8 daga cikinta, kada ka yarda da 'yar adaftar nan da ake jonawa daga wayar hadis, ita ce ke narkewa.

Ɗan Tudun Wada: UPS fa? Akwai 650VA a gida

Bakaniken Waya: 650VA ba wat 650 ba ne, wajen 360 zuwa 390 ne. Kana tsakiyar gem aka ɗauke wuta ihu za ta yi ta mutu tare da injin. Ga shi ƙananan nan wutar da suke bayarwa a batir ba mai santsi ba ce, mai matakala ce, wasu fawa na zamani ba sa shiri da ita. In akwai inbata fiyo sayin, wato mai ba da wuta mai santsi, a gidanku ka ɗora a kai ya fi. In babu to aƙalla sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, wadda in an kawo wuta take ɗan jira kafin ta saki. Kuma in za a tada janareta ka zare fulogi tukuna sai ya daidaita.

Sarkin Saiti: Tunda kun hana shi K, ga wata shawara. Ya ɗauki firosesa 5600G ya zauna ba kati tukuna. Girafik na cikinta, wat 65 ce duka, ko ƙaramin inbata zai riƙe ta, eFootball da GTA V za su tafi a 1080p in ya sassauta saiti, ragowar kuɗin ya ajiye ya ƙara tari ya sayi kati mai kyau sabo ba ragowar masu haƙa ba. Kuma a nan Injiniya ko ka ƙi ko ka so obakulok na aiki, don girafik ɗin ciki ram ɗin injin yake ci, ka ɗaga ram daga 2400 zuwa 3200 ko 3600 ka ɗan tura agogon girafik ɗin, firam za ka gani da ido ba a takarda ba. Na yi wa ƙanin matata haka a Ƙaura

Injiniya Samaru: A nan kam na sallama maka, gaskiya ne, girafik na ciki yunwar ram gare shi. Amma ka faɗa masa sauran. 5600G kash ɗinta, wato 'yar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesa, 16MB ne, rabin na 3600 da 5600 masu 32, kuma PCIe 3.0 ta tsaya. Sannan ya ce Warzone da editin. Wanda ya saba da PS4 ka mayar da shi kan girafik na ciki zai ga kamar baya ya ci. In da kuɗinsa dubu 300 ne da ni zan fara ce masa 5600G.

Sarkin Saiti: A rubuta a ajiye, yau Injiniya ya ce na yi gaskiya

Admin: An rubuta. Ɗan Jega na goge hoton da ka turo, nan ba wurin tallan waya ba ne.

'Yar Mafara: Wani abu kuma, in ka je sayen bod kada a lallaɓa ka da A320 a ce ai duk AM4 ne. A320 ba ta barin a taɓa gudun firosesa, yawancinsu ramin ram biyu ne kuma wajen da ke ba firosesa wuta tsirara yake ba ƙarfen sanyaya. B450 mai ramuka huɗu ka nema. Kuma 3600 ba ta da girafik a ciki, in ka jona monita a bayan bod ba abin da za ka gani, a jikin kati ake jonawa, mutane da yawa sun mayar da kaya kasuwa a kan wannan suna cewa an cuce su. SSD kuma ko 512GB ce ka sa, GTA V kaɗai ta haura 100GB yanzu

Mai Gidan Gem: Kuma ya zo da hadis shago in zuba mishi, kada ya ce zai sauke da data. Ku tuna 2021 da anka kashe sabis jihar ga ta Zamfara baki ɗaya, wanda duk gem ɗinshi na onlayin ne zama yay yi yana kallon bango, shagona kuwa lokacin ne ma ya fi cika don masu ofulayin nika da su.

Kawu Na Ƙaura: Lokacin har Funtuwa mutane ka zuwa don su buga waya. Allah kada Ya maimaita muna.

Ɗan Tudun Wada: Amin Kawu. To Injiniya yanzu ba abin da zan taɓa kenan sai XMP? Ni fa hannuna na ƙaiƙayi

Injiniya Samaru: Akwai, amma ƙasa za ka yi ba sama ba. Rage boltej. In 580 ka ƙare da ita ka buɗe manhajar AMD ɗin kanta wajen tunin, ka riƙa rage milibolt kaɗan kaɗan, 25 a lokaci guda, kana gwadawa da gem na rabin awa. Gudun na nan, zafi ya sauka, fanka ta daina kuka kamar injin markaɗe. Da ka ga gem ya fita da kansa ko allo ya yi ɗige-ɗige ka koma matakin baya ka tsaya nan. Ba ya ƙona komai don ragewa kake yi. Wannan shi ne wasan da ya dace da garinmu, kuma duk abin da Sarkin Saiti yake so ka koya a nan ma za ka koye shi, HWiNFO za ka buɗe kana kallon zafi da wat. 3600 iyakarta 95, amma ni in na ga ta wuce 85 a gem sai na nemi dalili. Fankar da take zuwa da ita a kwali ƙarama ce, in ka samu rarar kuɗi ka sa mai hasumiya ko mai arha ce.

Bakaniken Waya: Kuma kada ka ajiye akwatin a ƙasa kan leda, ɗora shi kan tebur. Da hunturu duk sati biyu ko uku ka fitar da shi tsakar gida ka hure da bulawa, amma ka riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Masu cire murfin gefe su kafa masa fankar ɗaki, yana rage zafi ba ƙarya, sai dai ƙura da kyankyasai ka buɗe wa ƙofa, na taɓa ciro ƙadangare busasshe a cikin fawa

Ɗan Jega: Shi ma gem ya je bugawa

Ɗan Tudun Wada: Salam 'yan gida, na dawo bayan kwana tara. Kaya sun iso jiya a motar Kano na karɓo a tasha. 3600 da B450, ram 8 biyu, SSD 512, fawa 550 sabuwa a kwali ita ce ma ta fi ba ni ciwo wajen biya, kati kuma kuɗin ba su kai 6600 ba sai 580 ɗin na ɗauka amma wurin wani daban, na sa ɗan'uwana da ke karatu a can ya je ya ga GPU-Z da idonsa 2304 ne. Na haɗa komai ya tashi lafiya har na sa Windows. To yau da safe na shiga BIOS na kunna XMP na yi sebin, tun daga nan allo baƙi ƙirin, fankoki na juyawa amma ba hoto. Na kashe na kunna sau biyar. Wallahi gumi nake yi, na ƙona ta ne?

'Yar Mafara: Ba ka ƙona komai ba kwantar da hankalinka. Zare waya daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci wutar ciki ta fita, ka ciro ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan bod, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. BIOS zai koma yadda ya zo. Turo hoton ram ɗin yadda ka sa su da kuma takardar jikinsu

Ɗan Tudun Wada: Ya tashi!! Alhamdulillah. Anti Allah Ya biya ki Ya ba ki miji nagari. Ga hoton

'Yar Mafara: Amin amma ina da shi 😂 Ka ga ka sa su kusa da juna a rami na 1 da na 2, na ce maka 2 da 4. Sannan sandunan ba iri ɗaya ba ne, duba lambobin, ɗaya CL16 ɗaya CL18, kamfani ma daban. Gyara ramukan ka sake gwada XMP, in ya ƙi ka bar shi a kunne amma ka sauke gudun da hannu zuwa 3000 ko 2933, sai ka bar MemTest86 mai gwada ram ya zaga ko sau biyu ne kafin ka yarda da shi

Mai Gidan Gem: Mai kayan ya haɗa maka gauraye kenan. Kira shi ka ce ya canza ɗaya tun kwalin bai yi datti ba.

Ɗan Tudun Wada: Na kira ya ce wai duk 8GB ne ai, in na matsa sai dai in biya kuɗin mota zuwa da dawowa. A 3000 ya zauna lafiya yanzu, CPU-Z na nuna hanya biyu. Na buga GTA awa ɗaya firosesa 78 kati 81, ƙarfe 3 na rana ne fa kuma fankar sama kaɗai ke ɗakin

Injiniya Samaru: Ba laifi a wannan zafin. Bar ram ɗin a 3000, tsakaninsa da 3200 bai kai kuɗin motar ba. Katin za ka rage wa wuta, 81 ɗin nan zai iya sauka. Ka saurari fankarsa ma, in kana jin ƙara kamar tsakuwa a gwangwani ka kai wa Bakanike.

Sarkin Saiti: 78 kawai? Ashe akwai sauran fili har 17. Ƙanena Asabar ina shigowa Gusau ɗaurin aure a Sabon Gari, zan biyo da tamal fes mai kyau mu ɗan kunna PBO, obakulok ɗin AMD mai sarrafa kansa, mu ga abin da za ta yi, minti goma ne

Injiniya Samaru: Ka karɓi tamal fes ɗin ka ba shi ruwa ya sha, amma ka ɓoye kibod.

Ɗan Tudun Wada: 😂 to sai Asabar ɗin. Yanzu dai an ɗauke wuta kuma Hajiya ta ce in na sake tada mata janareta saboda ƙwallon ƙarya ni zan riƙa sayen mai. Mai Gidan Gem ƙarfe nawa kake buɗewa gobe in kawo hadis ɗin?

Mai Gidan Gem: Bayan la'asar. Ka taho da kebul ɗinka, nawa yara sun karya.